Rubutun Mikail a Wurin da Aka Kulle

Rana ta yi ja ta kwanta a kan sorayen Jakara, hayaniyar kasuwar Kurmi ta fara lafawa, masu shaguna suna ta jan ƙofofi. A gidan Hajiya 'Yardada mai rinin shadda an tashi daga aikin yini. Yadudduka shuɗɗa da masu ruwan goro suna rataye a igiya suna ɗiga a hankali, tsakar gida tana warin soda, ita kuwa Hajiya ta zauna a bakin ɗakinta da buta a gaba tana jiran kiran salla. Matar ɗanta, Bahijja, tana kicin tana tace taliya. Jikarta Ikram, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, ta zagaya lungun bayan ɗakuna ɗauko takalmin makarantarta da ta jingine a tsohuwar katanga ya bushe.

Ladan bai kai ƙarshen kabbarar farko ba aka ji wata ƙara daga lungun. Ba irin ta yaron da ya faɗi ba ce. Murya biyu ce a haɗe, ɗaya ta Ikram, ɗaya kuma siririya, kamar daga ƙarƙashin katanga take fitowa.

Mikail, ɗan Hajiya kuma uban yarinyar, shi ya fara isa, hannunsa da sauran ruwan alwala. Ya tarar da ita a tsaye ƙiƙam, takalmi ɗaya a hannu, ta kafe bakin makwararar ruwa da ido. Daga makwararar kuwa tururi ne ke tashi, ruwan rini baƙi ƙirin yana gangarawa cikin ramin da ke gindin katanga. Ya ga tururin sarai. Kafin matan su ƙaraso ya sungumi 'yarsa ya fito da ita tsakar gida, duhu ya rufe lungun, ba wanda ya ga abin da ya gani sai shi.

Gidan nan yana da doka guda, wadda ta girmi duk wanda ke cikinsa. Daga sanda rana ta yi ja har a idar da isha'i, ba a sakin ruwan zafi a makwararar baya. Ko da rana tsaka ne, sai an fara kwara kwanon ruwan sanyi da bismilla, a ɗan dakata, sannan a saki na zafin. Ba wanda ya taɓa zama ya bayyana dalili. Hajiya a hannun uwar mijinta ta karɓi dokar, ta kuma riƙe ta ba tare da ta tambaya ba.

Shi Mikail mai rubuta manhaja ne, irin mutanen nan da za ka tarar gaban kwamfuta sun haɗe rai kamar an kawo musu sammaci. Ganin ƙugun mahaifiyarsa ya fara gazawa wajen ɗaga tukwane, sai ya haɗa mata tanki mai dafa ruwa da wutar sola, da ɗan akwatin na'ura da ke buɗe famfon ƙasa da kansa ya zubar da ruwan in an gama rini. Niyya ce mai kyau, wannan kam ba mai ƙwace masa ita. Ranar da za a kunna, Hajiya ta riƙe masa hannun riga.

"Mika'ilu, ƙarfen nan ya san magariba?"

"Zan sanar da shi, Hajiya."

"Ya san kwanon ruwan sanyi?"

"Shi ma zan sa. Ki kwantar da hankalinki."

To, ga yadda ya sa. Manhajar da yake aiki a cikinta tana da nata tsarin. Mutum zai zana abin da yake so a fuskar kwamfuta, wannan famfo ne, wannan agogo ne, wannan ya buɗe in wancan ya cika, sai ya danna maɓalli, ita kuma ta rubuta umarnin na'urar da kanta. Abin da ta rubuta sai ta shafe shi da launin toka ta kulle, ko ka buga harafi ba zai shiga ba. A samansa akwai gargaɗi da Turanci ƙarara: kada a gyara nan da hannu, duk abin da aka ƙara zai ɓace ranar da aka sake danna maɓallin. Mai son canji sai ya koma kan zanen ya canza a can. Amma sa dokar magariba a zanen aikin yini guda ne, domin magariba ba ta tsayawa wuri ɗaya a agogo, ga kuma ƙaramin famfon ruwan sanyi da shi ma sai an zana masa tasa hanyar. Mikail yana da aikin wani kamfani a wuyansa, ga shi kuma yana jin kansa gwani. Sai ya rufe manhajar, ya bi ta ɓarauniyar hanya, ya buɗe fayil ɗin umarnin da wata 'yar manhajar rubutu da ba ta san kulle ba, ya cusa 'yan layuka a tsakiyar wurin tokar, daidai gaban umarnin buɗe famfo. Ya gwada, abu ya yi aiki. Har murmushi ya yi, irin na wanda ya haura katanga bai yaga wando ba.

Watanni suka shuɗe lafiya lau, har ya manta da zancen. A safiyar ranar da abin ya faru, Hajiya ta ce tana son akwatin ya riƙa ƙara in ruwa ya tafasa. Ya koma kan zanen ya ƙara 'yar ƙararrawa, ya danna maɓalli, ya ɗora wa na'urar sabon umarni, ya tafi sabgarsa. Bai duba komai ba.

Da aka kwantar da Ikram a ɗakin Hajiya ana ta tofa mata addu'a, sai ya sulale ɗakinsa ya buɗe kwamfuta. Wurin tokar yana nan tsaf, gargaɗin yana samansa, layukansa kuwa babu ko ɗigo. Manhajar ba ta yaudare shi ba, abin da ta ce za ta yi shi ta yi. A nan kuma ya yi abin da ya fi na farko muni: ya sake bin ɓarauniyar hanyar, ya mayar da layukan inda suke, ya lallaɓa ya ɗora wa akwatin, ya dawo ya zauna cikin mutane yana salati tare da su.

Ikram ba ta ƙara magana ba. Da gari ya waye, hannunta na hagu ya yi bororo daga wuyan hannu har gwiwar hannu, alhali ko ɗigon ruwa bai taɓa rigarta ba. Aka kai ta asibiti, suka wanke suka naɗe, suka yi gwaje-gwajensu, ba su ga komai ba bayan ƙunar. Aka dawo da ita. Da rana sai ta kwanta ido buɗe tana kallon rufin ɗaki. Rana na yin ja, sai jifa ta fara.

Ƙananan duwatsu ne, jiƙaƙƙu, masu shuɗin rini. Su faɗo a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, sannan su fara sauka tsakar gida a miƙe, kamar ba jefo su ake yi ba, sako su ake yi daga sama. Samarin unguwa suka hau soraye da fitilu, suka sauko jiki a sanyaye. Jifar na tsagaitawa sai a ji murya daga lungun baya, mace tana lallashin yaro a hankali, yaron yana nishi. Daga ɗakin Hajiya kuma Ikram ta amsa da irin wannan nishin, ba bambanci. Matan da ke kawo shadda suka fara aiko yara su karɓi kayansu ko ba a rina ba.

Hajiya ba mace ce mai barin magana a ciki ba. Wata yamma ta tara su a bakin ɗakinta.

"An zuba musu ruwan zafi," ta ce. "Ni ba yarinya ba ce, na san wannan jifar. Mika'ilu, ka tabbata ƙarfenka bai buɗe ba?"

Ya tashi ya ɗauko kwamfutar, ya buɗe fayil ɗin, ya nuna mata layukan da ya mayar da hannunsa. "Ga shi nan a rubuce, Hajiya. An hana shi buɗewa da magariba."

Hajiya ta leƙa. Ita da rubutun duk ɗaya ne da sawun kaji a yashi, amma ɗanta ne ya faɗa. Ta juya a hankali ta dubi Bahijja.

"To wa ke riƙe da ruwan zafi a lokacin nan, in ba mai tace taliya ba?"

"Wallahi Hajiya a bokiti na tace. Na bar shi ya huce, sai bayan isha'i na zubar."

"Ku 'yan zamani komai camfi ne a wurinku, sai ya faɗo a kan 'ya'yanku."

Bahijja ta ɗago ta dubi mijinta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana rufe kwamfuta, kamar rufewar tana buƙatar natsuwa.

Daga ranar Hajiya ta hana Bahijja shiga ɗakin da Ikram ke kwance. Cewa ta yi waɗanda aka cuta ba sa son ganin wanda ya cuce su, kuma shigarta na ƙara wa yarinyar zafi. Sai Bahijja ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, nan take wuni, tana miƙa kunu ta ƙasan labule. Mikail ya wuce ta in zai shiga, ya wuce ta in zai fita. Kullum sai ya ce wa kansa gobe zai faɗa, in yarinyar ta ɗan samu sauƙi, in ran Hajiya ya ɗan huce. Ba aljanun yake tsoro ba. Idon uwarsa yake tsoro, da na matarsa. Ya zauna ya yi aikin da ya guje wa tun farko, ya zana dokar magariba a inda ya kamata, ya danna maɓalli, manhajar ta rubuta ta da kanta cikin wurin tokar, daram, ba mai goge ta. Aikin ko yini bai ci ba. Ya daɗe yana kallonsa, amma gyaran ba zai dawo da ruwan da ya riga ya gangara ba.

Abin da ya fi ci masa rai ya zo ne wata la'asar, da Bahijja ta riƙo gefen rigarsa yana shirin wucewa. Idonta ya faɗa, muryarta ta dushe.

"Abban Ikram, na yi ta tunani. Ko dai na zubar ɗin ne na manta? Hankalina yana kan miya a lokacin. Ko ni ce?"

Gaskiyar ta taso har maƙogwaro, ya haɗiye ta.

"Ki bar wannan maganar," ya ce. "Abin da Allah ya ƙaddara ne."

Ya fita zaure ya tsaya shi kaɗai, yana jin kunyar da bai taɓa jin irinta ba.

Washegari Hajiya ta aika unguwar Shahuci aka ɗauko Malam Hashim, dattijo siriri mai karantarwa a zaurensa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar. Bai karɓi ruwa ba, bai yi dogon gaisuwa ba. Ya zagaya lungun baya ya tsaya kan makwarara na ɗan lokaci, sannan ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da kan yarinyar. Hajiya ta riƙe ƙafafunta, Mikail ya rakuɓe jikin bango. Da rana ta yi ja, duwatsu suka fara sauka a kwano, Malam ya yi bismilla ya soma karatu.

Jifar ta tsaya cak. Shirun da ya biyo baya ya fi jifar nauyi. Malam bai ɗaga murya ba, bai kuma yi sauri ba, aya na bin aya. Can sai yatsun Ikram suka fara motsi, bayanta ya banƙare, ta tashi zaune ba tare da ta dafa ƙasa ba. Da ta buɗe baki, muryar babbar mace ce ta fito, a shaƙe, irin ta wadda ta gaji da kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a kan ƙuna."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Musulma ce?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"To me ya kai Musulma jikin yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba?"

Kan yarinyar ya juya a hankali. "Mu da gidan nan akwai alkawari. In sanyi ya sauko da sunan Allah, sai mu kwashe yara. Magariba kuwa lungun namu ne. Da suka kawo ƙarfe, sunan ya daina zuwa, muka yi haƙuri tunda sanyin yana zuwa. Ranar nan ba sanyi, ba suna, ba ko takun ƙafa. Ɗana yana wasa a bakin rami. Fatar bayansa a hannuna ta zauna."

Hajiya ta saki salati.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Malam. "Me kike nema?"

"Hannun da ya zuba. Na nema ban gani ba, sai na riƙe wanda na samu."

"A kira Bahijja," Hajiya ta ce. "Ta shigo ta ba da haƙuri."

Ba sai an kira ta ba, tana bakin ƙofa tana ji. Ta ɗaga labule ta shigo da rarrafe. Rabonta da ganin fuskar 'yarta kusa haka tun ranar da aka hana ta ɗakin. Ta durƙusa ta miƙa hannunta na dama.

"In ni ce, ki yafe mini. In ba za ki yafe ba, ga hannun. Ki ɗauka, ki sakar mini 'yata."

Yatsun yarinyar suka cafke wuyan hannun uwar, suka matse har Bahijja ta cije leɓe. Ba ta janye ba.

"Ba ita ba ce."

Mikail bai san sanda maganar ta fita ba. Kowa ya juyo.

"Ba ita ba ce. Ni ne. Na'urar ce ta saki ruwan, ni kuma na jawo. Na ga tururin da idona ranar." Ya so duban mahaifiyarsa, ya kasa, ya mayar da ido ƙasa. "Hajiya, dokar da kika ce in sa, ban sa ta inda ya kamata ba. Akwai wurin da aka kulle, aka ce kada a yi rubutu a ciki don zai goge. Na zagaya na rubuta a nan saboda ya fi sauri. Ranar da na sa miki ƙararrawa ya goge. Wanda na nuna miki, daga baya na mayar da shi."

Yatsun suka saki Bahijja. Idanun Ikram, waɗanda ba nata ba ne a lokacin, suka sauka a kansa.

"An rubuta maka kada ka taɓa?"

"An rubuta."

"Da harshen da ka iya?"

"E."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Mu ba a taɓa rubuta mana komai ba, muka riƙe. To miƙo hannun. Ko kuwa a zubar mini da jinin baƙin rago a bakin ramin."

"Babu jini, babu yanka, babu hannu," in ji Malam Hashim, a karo na farko muryarsa ta yi kauri. "Ba a yanka wa kowa sai Allah, ke ma kin sani. Bai nufi ɗanki da cuta ba. Zubawar kuskure ce."

"Zubawar kuskure ce. Shirun fa?"

Malam bai dubi Mikail ba, kuma rashin duban ya fi mari zafi.

"Shirun tsakaninsa ne da iyalinsa da Ubangijinsa. Ke ba ki da haƙƙi a jikin yarinyar nan. Ki faɗi abin da maƙwabci ke iya nema a wurin maƙwabci, ko in ci gaba."

Ta yi ƙememe. Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, har kwanukan da ke jere a kabad suka ɗauki amo. Jikin yarinyar ya yi ta karkarwa, muryar ta koma kuka, daga kuka ta koma roƙo.

"Tsaya! Na ji. A toshe makwararar nan, a bar mana lungun. Ruwanku ya bi ta gaban gida. Kada ƙarfe ya ƙara sakin zafi a gidan nan sai mutum na tsaye a kansa da bakinsa. Shi kuma shi zai toshe, da hannunsa, kafin wata magaribar."

Malam ya juya. "Ka ji?"

"Na ji, Malam. Na ɗauka."

"Ke kuma ki rantse da wanda ya halicce mu da ku, za ki fita, ba za ki dawo ba, ke da naki."

Ta rantse. Malam ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagun Ikram ta miƙe ta sandare a hannun Hajiya, ƙaramin yatsan ya yi ta rawa shi kaɗai, sannan ya tsaya. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. A waje ladan yana kiran isha'i, kwanon rufi shiru.

An ɗan jima kafin ta buɗe ido. "Umma," ta ce, da 'yar muryarta ta da. "Ƙishirwa."

Bahijja ta ba ta ruwa tana kuka ba sauti. Hajiya ta kai hannu za ta dafa kafaɗar matar ɗanta, hannun ya tsaya a hanya, ta mayar da shi cinyarta. Malam Hashim ya yi addu'a a taƙaice, ya ɗauki takalmansa, ya ce ba sai an raka shi ba.

Mikail ya matso a kan gwiwoyinsa, ya ɗora tafinsa a hankali kan naɗaɗɗen hannun 'yarsa.

"Sannu, Ikram. Sannu, uwata."

Ta dube shi. Idonta ne yanzu, nata na gaske, kuma wannan ya fi wancan wuyar kallo.

"Abba, ina jin komai fa. Bakina ne kawai ya ƙi buɗewa. Ina jin Umma a bakin ƙofa tana cewa a bar ta ta shigo."

Ya gyaɗa kai.

"Lokacin ka sani?"

"Na sani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɓata rai ba. Ta zare hannunta daga ƙarƙashin nasa a hankali, don kada ƙunar ta gogu, ta ɗora shi a cinyar uwarta. Bahijja ta gyara mata kwanciya, ta ɗauki mafici. Ba ta dube shi ba.

"Abban Ikram," ta ce, "ɗan matsa baya. Kana tare mata iska."